Mawaƙan Turanci a Zangon Bimbilla

Da yaƙin 1914 ya juya wata fuskar, da yau ɗan Bimbilla waƙoƙin Jamusanci yake haddacewa don cin jarrabawa. A ƙarshen watan Nuwamba na 1896 sojojin Jamus suka far wa garin nan, suka zarce arewa suka gwabza da mayaƙan Dagomba a Adibo ranar 4 ga Disamba, sannan suka shiga Yendi. A 1899 Ingila da Jamus suka zauna can ƙasarsu suka raba yankin, kogin Daka ya zama iyaka: Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Bimbilla da Yendi suka faɗa hannun Jamus. Sai a watan Agusta na 1914, da Jamusawan Togo suka miƙa wuya, Ingilishi ya karɓe mu. Ƙuri'ar raba gardama ta 1956 kuma ta haɗa mu da ƙasar da ta zama Ghana a shekarar da ta biyo. Ta wannan hanya Shakespeare da 'yan uwansa suka iso mana, cikin jaka ɗaya da haraji da aikin tilas.

Don haka ban taɓa ganin laifin kakata ba da take kiran duk abin da muke karantawa a boko waƙar Nasara, tana ɗan yatsine fuska. Ita ta san waƙa tun kafin a haifi malamanmu. Mu a zango mun tashi muna jin Ishiriniya da Burda a daren Maulidi, muna jin makafi suna rera Imfiraji ƙofa-ƙofa, lokacin Damba kuma mu ruga ƙofar fadar Bimbilla Naa mu ji makaɗan Nanumba, waɗanda suke kira lunsi, suna jero sunayen sarakuna da kirarinsu har dare ya raba. Yaron da ya girma cikin wannan bai zo aji da kunne fanko ba. Abin baƙin cikin shi ne, a bakin ƙofar aji ake sa shi ya tuɓe wannan kunnen kamar takalmi.

Na yi shekaru ina koyar da adabin Turanci a sakandare, kuma na san yadda darasin waƙa ke tafiya a yawancin makarantunmu. A rubuta sunan mawaƙi da shekarar haihuwarsa a allo, a jero sunayen adon magana, yara su kwafe su haddace, a wuce. Akwai ɗalibin da zai gama shekara uku bai taɓa jin an ɗaga murya an karanta waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Wannan daidai yake da a koya wa mutum sunayen kayan miya a hana shi ɗanɗanawa. In ya fito ya ce waƙar Turanci ba ta da daɗi, ai gaskiyarsa ya faɗa, tunda abin da aka ba shi ke nan.

Abin da na fahimta a tsawon shekarun nan shi ne, mawaƙan nan baƙi ne, mu kuwa 'yan zango ne, saukar baƙo sana'armu ce ta gado. Ba a yi wa baƙo sujada, ba a kuma rufe masa ƙofa. Ana shimfiɗa masa tabarma kusa da masu gida, a ji ta bakinsa, a auna. Duk lokacin da na zaunar da wani mawaƙin Turanci kusa da wani abu namu, sai in ga fuskokin yara sun sake.

A ɗauki mafi tsufa a cikinsu, waƙar Beowulf. Ba a san wanda ya yi ta ba. Kwafi ɗaya tak ya rage, an rubuta shi wajajen shekara ta 1000, kuma saura ƙiris gobara ta cinye shi a 1731. Layukanta sun haura dubu uku, da wani tsohon Turanci wanda Baturen yau ba ya ganewa sai an fassara masa. Labarin jarumi ne da ya kashe dodanni, ya yi sarauta, ya tsufa, ya mutu a yaƙinsa na ƙarshe, jama'arsa suka yi masa makoki suna tsoron abin da zai biyo baya. A cikinta akwai mawaƙin fada da ke tashi a zauren sarki yana yabon mazan jiya da zuri'arsu. Da na faɗa wa yara haka sai wani ɗan Nanumba ya ce, “Masta, ashe su ma suna da lunsi.” Suna da su kuwa, kafin takarda ta rinjayi baki.

Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, shi ya fi kowa saurin sabawa da zango. Babban aikinsa labarin ayari ne. Mutum wajen talatin sun haɗu a wani masauki a gefen Landan za su ziyarci kabarin wani babban limamin Kirista a Canterbury, sai mai masaukin ya ce kowa ya ba da labari a hanya don rage nisa, shi zai yi alƙalanci. A cikinsu akwai barde, da ɗan kasuwa, da mai injin niƙa, da malaman coci na kirki da na bogi, da wata mata mai baki da ta yi aure sau biyar. Jikan fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga sayen goro, ba ya bukatar a yi masa bayanin madugu da hirar dare a zango. Har yanayin da waƙar ta buɗe da shi namu ne: ruwan Afrilu ya sauka bayan ƙishin Maris, ƙasa ta farfaɗo, mutane suka ji marmarin tafiya. Duk manomin doya a Nanun ya san zafin Maris, ya san ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Wani abin kuma, Chaucer ya zaɓi harshen talakawan garinsu a zamanin da Latin ke riƙe da ilimi, Faransanci kuma ke da daraja a fada. Haka Nana Asma'u ta yi a Sakkwato: ta iya Larabci sarai, amma ta rubuta da Hausa da Fulatanci don matan karkara su ji.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Shakespeare yana da gajerun waƙoƙi 154 da aka buga a 1609, kusan kowace mai layi goma sha huɗu. A ɗaya daga cikin shahararrunsu yana auna masoyi da yinin bazara. Duk shekarar da muka zo kanta aji sai ya kwashe da dariya, domin wanda ya ce wa budurwa a Bimbilla ta yi kama da ranar bazara, to ya nemi tsinuwa. Sai na yi musu bayani cewa mutumin da ya sha watanni cikin sanyi da duhu, rana ce abar marmarinsa, kamar yadda mu inuwa da ruwa suke namu. Daga nan nakan tambaye su: da a nan aka haife shi, da me zai kamanta ta? Wani ya ce sanyin asuba bayan ruwan dare, wata ta ce inuwar ɗorawa ranar kasuwa. A wannan minti goma sukan koyi abin da ake nufi da kamance fiye da abin da haddar wata guda za ta ba su. Kuma sukan gano da kansu cewa ainihin zancen waƙar ba yanayi ba ne, alfahari ne irin na maroƙa: kyau yana gushewa, amma wanda na sa a waƙa ba ya mutuwa.

Maganar kari ma tana da sauƙi in an bi ta kunne. Rubutacciyar waƙar Hausa, bisa tafarkin aruli na Larabawa, nauyin gaɓa take aunawa, wannan doguwa wannan gajera. Turanci kuwa inda murya ke dannawa yake ƙirgawa. Layin da Shakespeare ya fi amfani da shi gaɓa goma ne, murya ta danna sau biyar, ɗaya sako-sako ɗaya da ƙarfi. Nakan sa yara su buga benci da tafin hannu muna karantawa. Yaron da yake bambance kiɗan Damba da na Takai daga nesa, ba a ɗaukar dogon lokaci kafin ya kama wannan.

John Milton kuwa kusa da Aliyu Namangi na Zariya nake zaunar da shi. Milton ya makance gaba ɗaya wajajen 1652, kuma doguwar waƙarsa kan tawayen Iblis da fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna, wadda ta fito a 1667, shifta ya yi ta wasu suna rubutawa. Yakan tsara baitoci a ka da dare, da safe ya zubo su. Labarin a bakinsa na Kirista ne, ya bambanta da yadda muka karanta a makarantar allo, kuma ina faɗa wa yara haka ƙarara. Amma makahon da ya riƙe dubban layuka a ƙirji, ya sa su a bakin mutane har bayan ransa, wannan mun san shi tun muna biye da kawunmu zuwa kasuwa muna jin Imfiraji.

To, kada a ɗauka duk baƙin nan mutanen kirki ne. A 1899, shekarar da aka tsaga ƙasarmu a kan takarda, Rudyard Kipling ya wallafa waƙar da ke kiran farar fata ya ɗauki nauyin mulkin sauran al'ummu, yana siffanta waɗanda ake mulka da ƙuruciya da dabbanci. Gwani ne wajen kari da amsa-amo, kuma gwanintar ce ta sa gubar ta shiga jini. Ba na ɓoye wa ɗalibaina shi. Abin da nake yi shi ne in kira masa mai gida ya ba shi amsa.

Mai gidan shi ne Alhaji Umaru na Salaga. An haife shi a Kano wajajen 1858, ya yi karatu, ya biyo hanyar goro ya zauna a Salaga, ya ga yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. A shekarun da Kipling ke yabon daular Ingila, shi yana rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara: yadda suka fara shigowa da lallami da sunan ciniki, yadda suka juya suka fito da bindiga, da jerin garuruwa da sarakunan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi waƙa kan rushewar Salaga, ya yi wata kan talauci da wadata da yadda duniya ke wulaƙanta marar abin hannu. In ka karanta mutanen nan biyu a zama ɗaya, kana jin abu guda daga bakin wanda ke kan doki da kuma bakin wanda dokin ya taka.

Ga inda abin yake min ciwo. Cikin ɗalibai arba'in, da wuya ka sami biyu da suka taɓa jin sunan Alhaji Umaru, alhali daga nan zuwa Salaga ba wata tafiya ba ce. Kwafin rubuce-rubucensa suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wani masani ɗan ƙasar Poland mai suna Stanisław Piłaszewicz ya rubuta littattafai a kansa, amma jikokin maƙwabtansa ba su san shi ba. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati a Ghana, ko da yake gidan rediyon ƙasa yana watsa shiri da ita, masu karanta ajami kuma kullum raguwa suke. Sai yaron zango ya tashi biyu babu: bai gaji waƙar kakanninsa ba, ta Turawan kuma an sa ya tsane ta.

Hasarar ba ta ado kaɗai ba ce, domin akwai ranar da mutum ke bukatar waƙa kamar ruwa. Ina yaro aka yi yaƙin 1994, wanda ya taso daga gardama kan zabuwa a kasuwar Nakpayili nan kusa da mu, ko da yake kowa ya san rigimar ƙasa da sarauta ce ta daɗe tana ci a ƙarƙashi. Wutar ta kai yankunan Yendi da Salaga, rayuka fiye da dubu suka salwanta, ƙauyuka da yawa suka ƙone, sai a 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi. Na tuna dare a ɗaki ɗaya da mata da yara, an hana mu ko tari. Yau a ajina 'ya'yan ɓangarorin nan suna zaune benci ɗaya, 'yan uwanmu na Bawku kuma sun sha kwana ƙarƙashin dokar hana fita. Maganar ba ta faɗuwa kai tsaye a aji, kowa yana da kabari a zuciyarsa.

A nan ne Wilfred Owen yake min aiki. Kafin shi nakan gabatar da Tennyson, mawaƙin fadar Sarauniya Victoria, wanda a 1854 ya yi wa mahaya dokin Ingila kirari saboda sun kutsa bakin igwa a yaƙin Crimea bisa umarnin da aka bayar cikin kuskure. Waƙar tana sukuwa kamar doki, tana sa jini ya motsa. Owen kuwa hafsan soja ne da ya kwana cikin ramukan yaƙi a Faransa, ya rubuta abin da idonsa ya gani: samari sun tanƙware don gajiya, wani yana shaƙewa da iskar guba, da ƙaryar da manya ke yi wa yara cewa mutuwar yaƙi daɗi gare ta. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako ɗaya a tsagaita wuta, yana da shekara 25. Idan mun gama karanta su biyun nakan tambaya, wanne ne ya je, wanne ne ya ji labari? Ba na ambaton Nanumba ko Konkomba. Ajin yakan yi tsit, kuma na san kowa gida ya tafi a zuciyarsa. Nisan baƙon ne ya ba mu damar taɓa gyambon ba tare da wani ya ce da shi ake ba.

Haka ma Gerard Manley Hopkins, wani limamin Katolika, wanda a 1879 ya tarar an sare jerin itatuwan da yake ƙauna a bakin kogi kusa da Oxford, ya yi musu makoki yana cewa sara kaɗan ke shafe abin da na baya ba za su ma san an taɓa yi ba. Turancinsa yana da wuya, kalmomin suna karo da juna. Amma wata ɗalibata, wadda mahaifiyarta ke tsintar ƙwaran kaɗanya tana yin man kaɗe, ta ce, “Masta, da can bayan gidanmu Inna take tsinta, yanzu sai ta yi tafiyar awa biyu.” Masu gawayi sun cinye na kusa, masu katako kuma sun kwashe madobiya a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa. Yarinyar nan ta fahimci Hopkins fiye da littafin sharhin da ke hannuna.

A yau ma kiran waƙar Turanci ta Nasara ya daina zama daidai. A 1761 aka sauke wata ƙaramar yarinya a Boston ta Amurka, an sato ta daga Afirka ta Yamma, aka sa mata suna Phillis Wheatley. A 1773 littafin waƙoƙinta ya fito a Landan tana baiwa. Duk wanda ya tsaya a tsohuwar kasuwar bayi ta Salaga, ya ga rijiyoyin garin, ya san irin hanyar da yara kamarta suka bi, ya kuma san cewa akwai hannun fatakenmu a cinikin. Jikokin waɗanda aka tafi da su sun dawo da harshen a bakinsu: Kamau Brathwaite na Barbados ya yi aikin ilimi a Ghana daga 1955 zuwa 1962, ya koma ya sa kiɗan gangunan Akan cikin baitocinsa; Maya Angelou ta zauna a Accra a farkon shekarun 1960. Namu na gida kuma, Kofi Awoonor, wanda aka kashe a harin Westgate na Nairobi a 2013, ya ɗauko waƙar makoki ta Ewe da ya ji a bakin kakarsa ya zuba ta cikin Turanci. Atukwei Okai ya yi ƙuruciyarsa a Gambaga nan arewa, kuma waƙoƙinsa don a rera su a gaban taro ya yi su. Babu ɗayansu da ya tuɓe kunnensa a bakin ƙofa.

Alhaji Umaru da kansa ya nuna mana yadda ake yi da baƙon mawaƙi. Ya ɗauki waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, Balaraben zamanin jahiliyya, mai zancen raƙuma da kufai da mata, ya mayar da su Hausa. Bai ji tsoron cewa za su ɓata masa addini ko harshe ba, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Wannan aikin ne ya rage mana. Muna bukatar masu zama su mayar da Chaucer da Owen da Hopkins Hausa mai daɗin ji, da masu juya waƙoƙin Alhaji Umaru daga ajami zuwa boko a ƙananan littattafai masu araha. Kwalejin horon malamai ta E.P. da ke garin nan tun 1962 tana yaye malamai kowace shekara zuwa ƙauyukan arewa. Da kowannensu zai fita da waƙa biyar ta Turanci da biyar ta gida a ka, yana iya rera su ba takarda, da an ga canji cikin shekara goma.

Kafin wannan ya samu, ga abin da ke hannun kowa. Iyaye, in yaronku ya dawo da waƙar Turanci a littafi, ku ce ya tashi tsaye ya karanta muku da ƙarfi, ko ba kwa jin kalma ɗaya, sannan ya faɗa muku da Hausa abin da take cewa. In akwai tsoho a gidan da ya san wata tamu mai irin wannan zance, a ce ya rera. Ni da wasu ɗalibaina muna yin haka duk yammacin Juma'a bayan La'asar, a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ɗaya tasu ɗaya tamu. Wani tsohon mai sayar da goro da ba ya jin Turanci ya fi kowa zuwa da wuri, kuma shi ne yake fara gane in mai karatu ya karya kari.